Goyon Kunama

Ranar da aka rushe tsohon zaurenmu a Gyallesu
na ɗaga wani tubali, sai ga ta a ƙarƙashi,
baƙa wuluk, ƙari a sama,
bayanta fari fat kamar an zuba mata dafaffiyar shinkafa.
Na sunkuya. Shinkafar tana motsi.

Magina suka ce a miƙo taɓarya.
Ni kuwa na kife ta da kwanon sha,
na zura kwali, na kai ta shago,
ƙarƙashin teburin da nake gyaran agogo.
Na ƙirga su da tsinken tsintsiya: goma sha tara.

Gwaggo Ladingo ta leƙa bokitin fenti, ta ja da baya.
"Mutane na kiwon tattabaru, kai ga naka.
Jira ka gani, cinye ta za su yi.
Kunama sau ɗaya take haihuwa,
'ya'yan su rarake ta, su bar kwanso."
Ta faɗa, sannan ta tuna da wa take magana,
ta shiga gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

Sunana Talle.
Kun san jaririn da ake kira da wannan suna.

Na ɗebo yashi a bakin Kubanni,
na soya shi a kasko don kada cinnaka ta biyo,
na kafa ɓawon maɗaci ya zame musu ɗaki,
auduga jiƙaƙƙiya a marfin kwalba ta zama rijiya.
Kullum bayan isha'i in haska tocila kaɗan-kaɗan
in duba bayanta, ko sun fara.
Ba su fara ba.
Ba sa cin komai ma. Suna maƙale ne kawai.
Wanda ya zame ya faɗo, sai ya bi ƙafarta ya koma,
ita ko motsi ba ta yi, sai ya hau.

Kwana tara suka yi saɓa,
rigunansu sun fi ɓawon tafarnuwa rashin nauyi.
Sai suka soma saukowa, ɗaya, uku, duka.

Nan aiki ya same ni.
Asuba in tafi suri a hanyar Kufena in tono gara,
in ɗauka da hantsakin da nake kama allurar agogo,
in ajiye a gaban kowane.
Gyare ya fi ƙarfinsu, sai na murje masa kai.
Mai agogo yana bakin shago yana tambayar nasa,
ni ina durƙushe ina lallashin abin da bai kai ƙwayar wake ba.

Wata safiya na ƙirga, goma sha bakwai.
Na sake ƙirgawa.
A gindin ɓawo na ga wani da ƙafar ɗan'uwansa a baki.
Laifina ne, na makara da abinci.
Ranar na bi maƙwabta ina roƙon robar man shafawa,
na huda marfi da allura mai zafi,
kowa ɗakinsa, kowa audugarsa.

Ɗaya ya biya ni ladan a babban yatsa.
Na kwana ina jin bugun zuciyata a farce,
ban ji haushinsa ba, ni na taɓa shi ba sallama.

Yau wata biyu cif.
Uwar tana nan, bayanta fes, ba ko ƙwarzane,
jiya ta kama gyare sukutum ta ja shi ƙarƙashin ɓawo.

Na je na kamo hannun Gwaggo, na kawo ta shago.
Ta daɗe tana kallon cikin bokitin,
agogo ashirin suna ta bugawa a kanmu, kowanne da lokacinsa.
Can ta ce, ba ta dube ni ba,
"Audugarta ta bushe. Ƙara mata ruwa."