Ƙanƙarar Kawu Sallau

Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara a Gangare
kowa ya ruga ƙarƙashin kwano,
ban da Kawu Sallau.
Ya fito ba hula, ya tara tafin hannu,
ya cafe guda uku kamar ƙwayar gurjiya,
ya ce: "Waɗannan jikoki ne. Ni na ga kakanninsu."

Shekara tara yana tuƙa tukunya
a cikin jirgin ruwa mai jan ciki,
can ƙurewar duniya ta kudu,
inda rana ke ƙin faɗuwa wata biyu cur,
har magariba ta ɓace masa,
sai agogon Jos da ke hannunsa yake bi ya yi salla.

A wurinsa dutsen Shere ɗan yaye ne.
Can, in ji shi, duwatsu farare ne ke yawo a kan ruwa,
suna nishi da dare kamar saniya mai naƙuda.
Sau ɗaya aka ɗaura masa igiya a ƙugu
ya hau wani, da gatari,
gemunsa ya daskare har yana ƙara.
Yatsu biyu na ƙafar hagu
can suka zauna, ba su biyo shi gida ba.

Mu dai dariya muke yi.
Mutumin da ko kududdufin kuza na Bukur
ba ya bari mu leƙa?

Ƙanƙarar ta narke.
Ya daɗe yana kallon ɗan ruwan,
ya shafa a fuska kamar mai shafa addu'a,
ya ɗingisa ya shige ɗaki.