Salansa

Shekara talatin a Ƙofar Ruwa,
kwance ƙarƙashin mota, baƙin mai har gwiwar hannu,
ban taɓa tambayar asalin sunayen nan ba.
Birki, kuloci, sitiyari,
na ɗauka a Fagge aka yanka musu rago.

Jiya Balaraba ta kawo min tuwo,
ƙamus ɗin makarantarsu a hammata.
Ta ce, "Baba, salansa fa Turanci ce,
wai mai sa a yi shiru."

Na dubi tsohuwar Fijon Alhaji Ilu
mai tashin unguwa tun kafin ladan.
Dariya ta ci ni har sifana ta suɓuce.

Na ce, sunan dai ya iso Kano lafiya,
shirun ne 'yan kwastan suka riƙe.