Lambar Da Ba Ta Kwana

Banki ya ba ni ɗan wani abu, bai kai kwalin ashana ba,
baƙi wuluk, ido ɗaya, maɓalli ɗaya.
Na ɗaure shi a zaren makullin ɗakina,
ni Lantana, ma'ajiyar masu ɗinkin hula a Anguwar Juma,
mata arba'in da bakwai, kuɗin idanunsu yana hannuna.

Na danna, ya buɗe ido:
lamba shida a jere kamar 'yan tsaki bayan kaza.
Kafin in gyara tabarau in sa ta ƙarshe
sun watse, wasu shida sun zauna a gurbinsu.
Yaron bankin Sabon Gari ya yi dariya:
"Inna, rabin minti ne ransu. Sai kin ɗaga hannu."

Babana ya yi shekara talatin a tashar jirgin ƙasa,
makulli goma sha ɗaya a ƙugunsa,
tun daga zaure ake jin dawowarsa.
Ran da guda ya ɓata, mako ya yi bai runtsa ba,
don makullin ƙarfe ba ya tambaya
hannun wa ya riƙe shi.

Tanimu, ɗan ƙanwata da ke karatu a Samaru,
ya ce agogo ne a cikinsa, wani agogon yana banki,
tare suke ƙirga, ba su taɓa haɗuwa ba.
Na ce na gane. Ladanin Tudun Wada da na Ƙofar Gayan ke nan,
ba sa ganin juna, rana ɗaya suke kallo.

Wata Alhamis bayan la'asar, ruwa yana dukan kwano,
waya ta yi ƙara.
Murya ce mai santsi, kamar an shafa mata man shanu.
Ya san sunana. Ya san sunan ƙungiya.
Har kuɗin da ɗan kasuwar Ilori ya turo jiya ya sani.
"Hajiya, yau za a rufe asusunku.
Danna abin nan ki karanto mini, in taimaka miki."

Na danna, wallahi na danna.
Bakwai, biyu, tara, suna kan harshena,
sai Ladidi ta faɗo mini a rai,
wadda ke kai hula gab da hancinta kafin ta ga ramin allura,
kwana sha ɗaya kan hula guda.
Da Kande, da kuɗin jarrabawar 'yarta.
Na yi shiru, na zuba wa lambar ido
har ta cika.

"Hajiya, kina ji na?"
"Ina ji. Ta mutu."
"Danna wata."
"Ita ma a hannuna za ta mutu."
Ya kashe waya, ko sallama babu.
Ashe mai son taimako ma yana da fushi.

Hannuna bai daina rawa ba sai bayan magariba.

Yanzu ƙarshen wata nakan zauna a bakin gado,
kalmar sirri a ka, ɗan baƙi a tafin hannu,
ɗaya ba ya buɗe ƙofa sai da ɗan'uwansa.
In tura wa kowace haƙƙinta,
lamba ta yi aiki sau ɗaya ta wuce,
ko ka tsince ta a hanya, ɓawon gyaɗa ka tsinta.

Jikata tana son dannawa don ta ga suna sauyawa.
Nakan bar ta sau biyu, na uku in karɓe,
an ce batirinsa ma yana da ajali.
Ta ce, "Kaka, ina tsofaffin suke zuwa?"
Ban sani ba.
Na rataye shi a wuya, ƙarƙashin riga,
na ce ta miƙo mini zare shuɗi,
hular Malam Jatau saura baki.