Tashar Ƙarshe

Inda layin dogo ya gaji ya tsaya, nan muka sauke kaya.
Werribee. Melbourne tana can baya, ta tsuke fuska,
ta ce ɗaki biyu ya fi ƙarfin albashin makanike.
Muka laluba aljihu, muka ga iya gudun ruwanmu,
muka ce da hanau gara mannau.

Gidan jan bulo ne, gajere, rufinsa ya sha rana,
famfon wanka sai ya yi tari kafin ya ba da ruwa.
Leonie ta tsaya a bayan gida, hannu a ƙugu,
ta dubi ciyawar da ta kai gwiwa,
ta dubi lemon tsami guda da ya jingina da shinge,
ta ce, "Nan ne."
Shekara talatin banki ya rubuta.
Na sa hannu, biron yana rawa.

Ran da muka tare, Salvu Micallef ya leƙo ta kan shinge,
tsoho ɗan Malta, gashin kunnensa ya fi na kansa.
Bai tambayi sunana ba, tsani ya miƙo.
"Indararonka a toshe yake tun zamanin mai gidan farko."
Yau shekara shida tsanin yana wajena,
injin yankan ciyawata yana wajensa,
mun daina lissafin wa ke bin wa.

Thuy ta gida mai lamba sha huɗu
takan tsinki lemonmu ba sallama,
da yamma sai ga kwano a bakin ƙofa,
romo mai ƙamshin citta, an rufe da faranti.
Harbhajan, in ya ajiye tasi, sai ya kafa kwandon shara tsakiyar titi,
ya tara yaran layi wasan kurket.
In mota ta taho a ɗage kwandon,
in ta wuce a ci gaba da gardama.

Kada in yi ƙarya, akwai kuɗin da ba banki ake biya ba.
Jirgin shida saura kwata, watan Yuli, sanyi har cikin haƙori,
in fita yara na barci, in dawo sun fara hamma.
A gareji abokan aiki suna toshe hanci:
"Ga na garin da ake tace ƙazantar birni!"
Nakan yi dariya tare da su.
Su nasu yaran a baranda suke koyon keke.

Nawa kuwa, Fergus, titi guda gare shi.
Sai dai watan Satumba, tsuntsun nan mai baƙi da fari
yakan sauko masa a ka kamar ya ci bashinsa.
Ya zana idanu biyu a ƙeyar hular kwanonsa,
ya wuce ƙarƙashin bishiyar turare yana ihu,
rabi tsoro, rabi daɗi.

Bara aka kwantar da Salvu a asibiti.
Mako biyar tagarsa ba fitila.
Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya raba aiki,
amma tumatirinsa bai yi ƙishi ba,
daren Talata kwandonsa ya fito bakin titi cikin sahu,
Laraba ya koma.
Da ya dawo, da sanda, da rabin murya,
ya zagaya lambun, ya ɗaga ganye ɗaya,
ya ce ruwan ya yi yawa.

Yanzu Disamba ce, rana ta ƙi faɗuwa har ƙarfe tara.
Na taho daga tasha, riga ta manne a baya.
Bronte ta zana gida da alli a kan simintin ƙofa,
ta yi masa bene uku da tafkin wanka.
Na tsallake shi a hankali kada in taka rufin,
na shiga namu,
inda famfo ke tari,
wani kuma yana kiran sunana daga kicin.