Guduma a Kwalkwalawa

Na tsaya bakin Rima da la'asar,
Arzika na ƙetare yana gyaran jirginsa.
Na ga guduma ta sauka, shiru.
Sai da ya sake ɗaga hannu
ƙwal ɗin ya iso kunnena.

Ido ya ci, kunne na jiran saura.

Malama Hassi ce ta gaya mana a aji uku:
ƙara ba ta da ƙafa, aron iska take yi.
Ƙwayar iska ta tunkuɗi 'yar'uwarta,
ita ma ta tunkuɗi ta gaba,
kamar magina masu miƙa tubali,
kowa na tsaye inda yake, tubali kuwa ya kai sama.
Mita ɗari uku da arba'in da 'yan kai, daƙiƙa guda.

Ta ce zafi na ƙara mata sauri.
Muka bushe da dariya:
ashe a bazarar Sakkwato,
sa'ad da jaki ke lafewa jikin bango,
kowa ya yi laushi, magana kaɗai ke gudu.
Iska sakayau ta fi saurin kai saƙo,
mai nauyi sai jan jiki, raƙumi da buhunan albasa.

Bara aka rufe Malama.
Ina Illela, labari bai same ni ba sai da kwana tara.

Ga hadari ya haɗo ta wajen Wurno.
Walƙiya. Na soma ƙirge yadda ta koyar:
ɗaya, biyu, uku, kilomita guda,
huɗu, biyar,
muryarta na tafe cikin ƙirgen.

Arzika ya saki guduma,
bugunsa na ƙarshe bai gama ƙetare ruwa ba.