Tsingaro a Ramin Famfo

Muna haƙan layin famfo a bayan Birni,
inda duwatsun Damagaram suka gurfana kamar raƙuma,
sai digar Nomau ta ce ƙwas, ba irin kukan dutse ba.
Ya sunkuya ya zaro tsingaro,
bai kai tafin hannu ba, ya yi baƙi don tsufa,
da 'yan haruffan Larabci a gefensa.

Na tofa yawu na goge da bakin riga.
Ni da na san nauyin siminti, na san gangaren ruwa,
na tsaya zuru.
Alif kaɗai na gane, shi ma don ya yi kama da sandar awona.

A lakwal, Mushe Kyari ya taɓa ba mu labarin
wani injiniyan ƙasar Andalus, tun zamanin keken doki,
da aka aika ya auna sabuwar hanya.
Ya kafa turaku, ya ja igiya,
sai ya tarar wata hanyar ta riga shi kwanciya a ƙasa.
Bai binne ta ba. Ya bi ta da ƙafa,
dutse bayan dutse, har ta kai shi kufai.
Da dare ya kunna fitila
yana koyon harshen waɗanda kakanninsa suka kora,
daga dama zuwa hagu, kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Dariya muka yi ranar. Wa ke biyan mutum ladan karanta kango?

Yau ga ni, kamyo na jira,
ɗan kwangila na ta bugo waya,
mata sun jera jarkoki tun asuba.
Ƙishin garin nan ya girmi ganuwa.
Na jefa tsingaron aljihu, na ce a ci gaba.

Bayan magariba na kai wa Gwani Mutari a Zango.
Ya juya shi, ya matso da haske, ya daɗe.
Ya ce, kan kalmar ya karye, ɗana, yana can ƙasa.
Ko dai ma'u ce, ruwa,
ko sama'u, sama.
Mai rubutun kaɗai ya san wanne yake roƙo.

Mun rufe ramin ranar Laraba.
Ɗaya rabin na ƙarƙashin bututu yanzu,
in famfo ya yi tari ya kawo, ta kansa ruwan ke wucewa.
Nawa rabin na danne taswira a kan tebur.
Shekaranjiya na sayo allo a kasuwar Dole,
da furfurata,
mai sayarwa ya tambaye ni shekarun yaron.