Ganyen Shayi a Ajin Malama Shefali

Ranar da ruwan Srimangal ya tsare mu a aji,
Malama Shefali ta shigo da ganye ɗaya a tafinta,
daga gonar shayin da uwata ke tsinka tun asuba.

Ta zana ƙwai a allo, ta kewaye shi sau biyu:
"Kuloroplas ke nan, gida mai katanga biyu.
Ido bai ganinsa, amma shi ke ciyar da garin nan."

Madubin ƙara girma ya fashe tun bara,
sai ta zazzage jakarta a tebur,
ta ɗora sulallan taka bisa juna, tuli uku.
"Kowane sule tilakoyid, kowane tuli girana.
A fatar sulen nan rana ke sauka,
a fasa ruwa, oksijin ya fice,
a ƙulle ƙarfin haske kamar kuɗi a haɓar sari."

Bikash ya ce, "To, ina sukarin?"
"Sannu ba ta hana zuwa."
Ta tsiyaya shayinta kewaye da sulallan.
"Ga sitiroma, madafar gidan.
Nan ake kwance ƙullin,
a kamo iskar kabon, a juya, a juya,
har ta yi zaƙi."

Da yamma na iske uwata a layin awo,
kwando a baya, yatsu sun rine.
Aka zuba mata sulalla a hannu.
Na ƙirga, ba su kai tuli guda ba.

Ban ce komai ba.
Na zaro ganye daga kwandonta,
na ɗaga shi ga sauran rana.